Filin Tambaya da Amsa: Saita Sabuwar Waya Daidai da Ido da Yatsan Mai Ita

Wasiƙun wannan karon yawancinsu kuka ɗaya suke yi: an sayi sabuwar waya mai shafawa da kuɗi masu yawa, amma aiki da ita ya zama wahala. Kamfani yana fito da waya ne da saitin da ya dace da matashi mai kaifin ido, mai Wi-Fi a gida da wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda ba haka yake ba sai ya gyara da kansa, kuma yawancin gyaran ba ya cin ko sisi. Sunayen wuraren saiti mun bar su yadda suke a rubuce a fuskar waya domin mai nema ya gane su da ido. Sukan ɗan bambanta tsakanin Tecno, Infinix, itel, Redmi da Samsung. Wanda bai ga abu a inda muka ce ba, ya buɗe Settings, ya taɓa akwatin bincike da ke can sama, ya rubuta sunan, wayar za ta kai shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na saya wa mahaifina babbar waya. Ya haura shekara saba'in, kuma ƙaramar waya mai madannai ya saba riƙewa. Yanzu ya mayar da layinsa cikin tsohuwar. Ya ce rubutun ƙanana ne, ba ya ganin inda zai danna ya koma baya, kuma kira yana yankewa kafin ya iya ɗagawa. Yaya zan yi?
Daga wani ɗan kasuwa, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ka tafi da wayar shago ka saita ka dawo masa da ita. Ku zauna tare, ya sa tabaraunsa idan yana sawa, kana canzawa yana faɗa maka ko ya gani. Idonsa ne ma'auni, ba naka ba.

Ka fara da rubutu. A cikin Settings, ƙarƙashin Display, akwai abu biyu da mutane ke ɗauka ɗaya ne. Font size haruffa kaɗai yake ƙara wa girma. Display size, wanda Samsung ke kira Screen zoom, shi yake ƙara girman komai: alamomin manhajoji, madannai da akwatunan saƙo. Ka ɗaga Display size mataki ɗaya, Font size mataki biyu, sannan ka kunna Bold text idan akwai, domin kaurin harafi yana taimakon ido mai rauni ƙwarai. Buɗe masa jerin sunaye ya karanta maka. Kada ka ƙure su biyun lokaci guda. Idan ka ƙure, kalmomi za su riƙa karyewa, kuma a wasu manhajoji, musamman na banki, madannin amincewa yakan gangara ƙasan fuska inda ba a ganinsa, mutum ya zaci manhajar ce ta lalace. WhatsApp yana da nasa saitin daban: Settings, Chats, Font size, ka zaɓi Large.

Inda zai danna ya koma baya kuwa, gaskiyarsa ce, madannin ne babu. Tun Android 10 da ta fito a 2019, wayoyi da yawa suna zuwa da tsarin jan yatsa daga gefen fuska a maimakon madannai uku na ƙasa. Tsari ne da sai an haddace shi, ido ba ya ganin komai. Rubuta navigation a akwatin bincike, ka zaɓi 3-button navigation. A Samsung yana cikin Display, Navigation bar, Buttons. Madannai uku za su dawo: na komawa baya, na komawa fuskar farko, da na ganin abubuwan da aka buɗe. Na tsakiyan za ka fara koya masa, domin duk inda ya ɓace a cikin waya shi zai dawo da shi.

Akwai wani saiti da ba kowa ya san shi ba, kuma a ganinmu babu wanda ya kai shi amfani ga dattawa. Wanda ya saba da madannai yakan danna gilashi da ƙarfi ya ɗan tsaya. Ita kuma waya, da zarar yatsa ya kai kusan rabin daƙiƙa a wuri ɗaya, sai ta ɗauka riƙewa aka yi ba taɓawa ba. Shi ya sa maimakon manhaja ta buɗe sai wani ɗan jeri ya fito, ko alamar ta bi yatsa ta koma wani wuri. Shiga Accessibility, nemi Touch and hold delay, mayar da shi Medium. Idan har yanzu abin yana faruwa, kai shi Long.

Daga nan sai sharar fuskar farko. Bar masa abin da zai taɓa kullum kawai: kira, sunaye, WhatsApp, kyamara, rediyo, da manhajar Alƙur'ani idan yana so. Sauran ka riƙe kowace alama ka zaɓi Remove, wanda ke ɗauke ta daga fuska ba tare da goge manhajar ba. Uninstall ne mai gogewa gaba ɗaya. Sa hoton bango mai duhu marar zane, domin furanni da duwatsu suna haɗiye rubutu. Sannan ka danna ka riƙe wurin da babu komai, ka shiga Widgets, ka nemi Contacts, ka jawo Direct dial. Zai tambaye ka sunan wa za a ɗora. Yi wa mutum huɗu zuwa shida da ya fi kira, kowa da hotonsa. Taɓawa ɗaya, kira ya tafi, ba sai ya karanta suna ba. Idan ka gama jerawa, shiga saitin fuskar ka kunna Lock Home screen layout don kada komai ya ƙara motsawa.

Ɗaga kira yana ba su wahala ne saboda idan waya tana kulle, koren madannin ja ake yi, ba dannawa ba. A Samsung akwai mafita mai sauƙi: buɗe manhajar kira, ɗigo uku na sama, Settings, Answering and ending calls, ka kunna ɗagawa da madannin ƙara sauti na gefe. A sauran wayoyi sai gwaji. Ka kira shi sau biyar ko shida kana zaune kusa da shi, ya ɗora yatsa a kan koren, ya ja ba tare da ya ɗaga ba har sai ya ji muryarka. A cikin Accessibility akwai Power button ends call, mai ba shi damar kashe kira da madannin wuta. Yana da amfani, amma da sharaɗi: idan fuska ta yi duhu ana cikin magana ya danna don ta haska, kiran yana iya yankewa. Ka faɗa masa tun da wuri.

Saura ƙanana uku. Screen timeout ka kai shi minti 2, domin daƙiƙa 15 ko 30 ba sa isar mai karatu a hankali. Auto-rotate ka kashe shi, don kada fuska ta juya idan ya kishingiɗa. Ƙarar kira kuma ka ɗaga ta daga cikin Sound, wurin Ring volume, saboda a yawancin wayoyin yanzu madannin gefe sautin bidiyo da karatu yake ƙarawa, ba ƙarar kira ba. Idan Samsung ce, Easy mode da ke cikin Display zai yi maka kusan rabin wannan aikin da kansa.

Lambobin da ke tsohuwar wayar ka kwafe su zuwa kan layi, ka sa layin a sabuwar, ka shiga Contacts ka zaɓi Import from SIM, ka ajiye su a asusun Google. Tsohuwar kuma kada ka karɓe masa. Bar ta kusa da shi har ya daina nemanta da kansa.

TAMBAYA: Yaro ya yi wasa da wayata, yanzu duk abin da na taɓa sai wata murya ta yi magana da Turanci, wani koren layi ya zagaye wurin, kuma ba ya buɗewa. An ce sai an yi mata filashin.
Daga wata uwar gida, Gusau

AMSA: Hajiya, kada ki bari a yi mata filashin, za ki rasa hotuna da lambobi a banza. Lafiyar wayar ƙalau. TalkBack ne aka kunna, tsarin da aka yi wa makafi domin waya ta riƙa karanta musu abin da yatsa ya taɓa. Idan yana aiki, ƙa'idar taɓawa takan canza: taɓawa ɗaya zaɓe ne, taɓawa biyu da sauri shi ne buɗewa, kuma jan fuska sama ko ƙasa sai da yatsu biyu.

Fara gwada wannan: danna madannan sauti biyu na gefe tare, ki riƙe daƙiƙa 3. Galibi ta nan aka kunna shi, ta nan kuma yake mutuwa. Idan bai yi ba, ja fuska sama da yatsu biyu, ki sa lambar sirri kina taɓa kowace lamba sau ɗaya sannan sau biyu. Bi haka zuwa Settings, Accessibility, TalkBack, ki kashe. A nan wurin za ki ga TalkBack shortcut, shi ma ki kashe shi don kada a maimaita. Mai irin wannan matsala wanda shi abin da ke fuskar wayarsa ne ya yi girma da layi mai ruwan lemo a gefe, Magnification ne. Ya taɓa fuska sau uku da sauri, za ta koma daidai.

TAMBAYA: Ina koyar da Hausa, amma a sabuwar wayata babu ƙ, ɗ da ɓ. Kuma duk kalmar da na rubuta sai wayar ta mayar da ita Faransanci.
Daga wani malamin makaranta, Damagaram

AMSA: Malam, Allah Ya ƙara basira. Allon rubutun da ya zo da wayar bai san kana rubuta Hausa ba, shi ya sa yake yi maka gyaran da ba ka nema ba. Idan babu Gboard a ciki, sauke shi daga Play Store, kyauta ne, ka buɗe shi ka bi matakan da zai nuna har ya zama shi ne allonka. Sannan ka buɗe wurin rubuta saƙo, ka taɓa alamar saiti da ke saman allon, ka shiga Languages, wato Langues a wayar da ke Faransanci, ka ƙara Hausa. Daga nan idan ka danna b, d ko k ka riƙe, mai lanƙwasar zai fito a sama. Ku a Nijar da kuke rubuta ƴ, ku neme shi a ƙarƙashin y. A Najeriya 'y ake rubutawa. Sauya harshe kuma, dogon madannin tazara za ka riƙe.

Gyaran dole yana cikin Text correction. Kashe Auto-correction, amma ka bar layin shawara na sama, domin a hankali zai koyi kalmominka ya riƙa kawo maka su. A cikin Preferences akwai Key long-press delay, wanda yake zuwa a kan 300, wato ƙasa da sulusin daƙiƙa. Mai yawan rubuta haruffa masu lanƙwasa zai ji daɗin rage shi zuwa 200, rubutu ya ƙara sauri. Mai kaurin yatsu kuma ya ƙara tsawon allon da Resize, ya kunna Key borders a cikin Theme don kowane harafi ya sami iyakarsa.

Wani abu da zai rage maka aiki: Dictionary, Personal dictionary, ka rubuta cikakkiyar sallama ka ba ta gajeren suna kamar slm. Duk lokacin da ka rubuta haruffan uku, za ta fito a layin shawara. Idan kuma ka ga ƙ ko ɗ suna fitowa kamar akwati, ko siffarsu ta bambanta da sauran haruffa, salon rubutun ado ne aka sa wa wayar wanda ba shi da su. Mayar da Font style zuwa na asali.

TAMBAYA: Tun da na sayi wayar nan data ba ta kwana, kuma talla tana faɗo mini ko ina tsakiyar aiki. Saƙonni kuwa ba dare ba rana.
Daga wani tela, Jos

AMSA: Ɗan'uwa, matsala uku ce ka haɗa, kowace da maganinta.

Sabuwar waya tana shan data sosai a kwanakin farko, kuma da dalili. Manhajojin da suka zo da ita sun tsufa a kwali, suna sabunta kansu. Tsarin wayar ma yana sauko da nasa gyaran, wanda kan haura 1GB. WhatsApp yana dawo da tsofaffin saƙonni, Google Photos kuma yana ɗora hotunanka a intanet. Kafin ka zargi kowa, shiga Settings ka nemi Data usage, zai jera maka manhajoji daga wadda ta fi ci. Sannan ka toshe ƙofofin. A Play Store, taɓa hotonka na sama, Settings, Network preferences, ka mayar da Auto-update apps ya zama ta Wi-Fi kaɗai. A WhatsApp, Storage and data, When using mobile data, ka cire alama daga bidiyo, sauti da takardu. Wannan shi ne babba ga mai zaure da yawa, domin idan alamar tana nan, kowane bidiyo da aka turo yana sauka ko ba ka buɗe ba. A Facebook ka hana bidiyo kunna kansa. A Google Photos ka hana ɗora hotuna da datar layi. Ka kunna Data saver, ka sa Data warning a kan adadin da kake saya. Mai layi biyu ya duba cewa layin da ya saya wa data shi ne aka zaɓa, in ba haka ba kuɗin katin ɗaya layin ne za su tafi. A Najeriya *323# yana nuna ragowar data a kowane layi, *310# kuma ragowar kati.

Saƙonni masu damu ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya a cikin saiti ba. Duk wanda ya faɗo, danna shi ka riƙe, za ka ga sunan manhajar da ta aiko da wurin kashewa. Da yawansu daga Chrome suke zuwa, saboda an taɓa Allow a wani shafi ba a lura ba. Buɗe Chrome, Settings, Site settings, Notifications, ka cire duk shafin da ba ka sani ba. Saƙon talla na kamfanin layi kuma, tura STOP zuwa 2442. Domin barci, saita Do Not Disturb daga ƙarfe 10 na dare zuwa asuba, ka sa wa iyalinka tauraro a Contacts, ka ba masu tauraro izinin shigowa. Akwai kuma Repeat callers, mai barin kira ya shigo idan mutum ɗaya ya sake kira cikin minti 15. Ka bar shi a kunne saboda larura.

Tallar da ke rufe fuska gaba ɗaya kuwa, wata manhaja ce ke kawo ta. Da zarar ta fito, kada ka rufe, danna madannin ganin abubuwan da aka buɗe, sau da yawa sunan mai laifin zai bayyana a sama. In bai nuna ba, nemi Display over other apps ka ga waɗanda aka ba izinin hawa kan wasu, ka janye izinin daga duk wadda ba ka yarda da ita ba. Duba jerin Apps har ƙasa, domin wasu suna ɓuya ba suna ba hoto. Waɗanda aka fi kamawa su ne masu cewa za su share waya, su sanyaya batir ko su ƙara mata sauri, da waɗanda aka turo ta Xender ko aka loda a shago. Waya ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Wadda ta zo da wayar ta ƙi goguwa, danna Disable, ko aƙalla ka kashe mata Notifications.

TAMBAYA: Wayata takan ƙi gane yatsana, musamman da sanyi ko idan na yi lalle. Kuma idan tana caji sai ta riƙa danna kanta.
Daga wata ɗaliba, Sakkwato

AMSA: 'Yar'uwa, gilashin waya ba ƙarfin dannawa yake ji ba, ɗan lantarkin jikin mutum yake ji. Busasshen yatsa na lokacin hunturu, ko mai kanta, ba ya isar da shi sosai. Jiƙaƙƙen yatsa kuma, kamar bayan alwala, ruwan yakan rikita shi ya ga taɓawa a inda ba a taɓa ba. Na'urar karanta zanen yatsa ta fi haka tsantseni. Lalle yana iya rufe mata zanen, shi ya sa hukumar JAMB take gargaɗin masu jarrabawa a kansa.

Yawancin wayoyi suna karɓar yatsu huɗu ko biyar. Yi rajistar babban yatsanki sau biyu, ɗaya da rana ta yau da kullum, ɗaya lokacin da fata ta bushe, kina juya shi don gefe-gefe su shiga. Ƙara wani yatsa na ɗaya hannun da ba ki cika sa masa lalle ba. Idan na'urar a ƙarƙashin gilashi take, duk lokacin da aka canza gilashin kariya ki goge rajistar ki sake. Samsung yana da Touch sensitivity a cikin Display saboda masu gilashin kariya mai kauri. Lambar sirri kuma ki riƙe ta da kyau, domin waya za ta neme ta duk lokacin da aka kashe aka kunna, da kuma bayan kowace awa 72.

Danna kai lokacin caji, caja ce ko wutar. Caja marar kyau tana shigar da wuta mai rawa, gilashin ya ɗauke ta a matsayin yatsa. An fi ganin haka a kan ƙaramin janareta da wurin masu cajin kuɗi. Gwajin mai sauƙi ne: zare caja. Idan abin ya tsaya, koma wa cajar da ta zo a kwali, ko ki gwada wata igiyar da wani soket. Idan yana yi ko babu caji, cire gilashin kariya, ki goge fuskar da busasshen ƙyalle mai laushi. Sannan ki riƙe wata alama ki zagaya da ita ko'ina a fuska. Idan kullum a wuri ɗaya take kuɓucewa, wurin ya mutu. Tunda sabuwa ce, kada ki bari a buɗe ta a bakin titi, garanti zai faɗi. Kai ta ofishin gyaran kamfanin da rasiti. Na Tecno, Infinix da itel shi ne Carlcare. Idan kuwa kika ga gilashi ko murfin baya yana ɗagowa, batir ne ya kumbura. Daina caji nan take, kada ki danne shi.

TAMBAYA: Na sa manhajar kiran salla, rana ɗaya ta yi, sai ta yi shiru. La'asar ɗinta ma ba ta zuwa daidai da masallacinmu.
Daga wani direba, Bauci

AMSA: Malam, wayar ce take kashe ta don tattalin batir. Shiga Settings, Apps, ka zaɓi manhajar, Battery, ka sa Unrestricted. Idan wayarka tana da Auto-start, kunna mata. Tun Android 12 akwai izini na daban mai suna Alarms and reminders, idan ba a ba ta ba, kiran zai riƙa makara ko ya ƙi zuwa. A Samsung ka sa ta cikin jerin manhajojin da ba a sa su barci, yana ƙarƙashin Background usage limits. Ka kuma daina share ta tare da sauran manhajoji idan kana rufe su.

La'asar kuwa, a saitin manhajar akwai zaɓi biyu na lissafi. Ɗaya na Hanafiyya ne, wanda ke jiran inuwa ta ninka tsawon abu sau biyu. Ɗayan na Malikiyya, Shafi'iyya da Hambaliyya ne, inuwa daidai da tsawon abu, wani lokaci a rubuta shi Standard ko Shafi kawai. Shi za ka zaɓa. Tunda kana tafiye-tafiye, ba ta izinin sanin wurin da kake, don lokacin Maiduguri ba ɗaya yake da na Sakkwato ba. Game da alƙibla, wasu wayoyi masu araha ba su da na'urar kamfas, kibiyar za ta tsaya cak ko ta yi ta yawo. A wayar da ke da kamfas kuma, maganaɗisun rigar waya da ƙarfen mota suna karkatar da kibiyar. Fito daga mota, ka juya wayar a iska kamar kana zana 8. Daga arewacin Najeriya alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa.

TAMBAYA: Yaron shagon da na sayi waya ne ya buɗe mini Gmail, ban san lambar sirrin ba. Tunda wayar tana aiki, akwai damuwa?
Daga wata mai sayar da atamfa, Katsina

AMSA: Akwai, Hajiya, kuma wannan ta fi duk tambayoyin yau nauyi. Asusun nan shi ne makullin lambobinki, hotunanki da ajiyar WhatsApp. Wanda ya san lambar sirrinsa yana iya ganin lambobin da hotunan daga wata wayar. Sannan tun Android 5.1 akwai kariyar da ke hana ɓarawo amfani da waya: idan aka wanke ta ba a cire asusun ba, ba za ta buɗe ba sai an sa wannan Gmail ɗin da lambar sirrinsa. Ranar da kika manta makullin fuska aka wanke wayar, ke ma haka za ta yi miki.

Ki koma shagon tun yaron yana tunawa, ki karɓi lambar, ki canza ta a Settings, Google, Manage your Google Account, Security. A nan ki tabbatar lambar wayar da aka sa don ceto asusun taki ce, ki kuma duba Your devices ki fitar da duk wayar da ba taki ba. Idan ya manta, buɗe sabon asusu da kanki. Shiga Contacts ki yi Export, ki yi Import zuwa sabon. A WhatsApp, Chats, Chat backup, ki sauya asusun ki yi sabuwar ajiya. Bayan haka ki cire tsohon daga Accounts, makullin fuska kaɗai zai nema. Rubuta sabon adireshin da lambar sirrin a takarda ki adana a gida, ba a cikin rigar waya ba.

Tunda kina karɓar kuɗi ta waya, ƙara waɗannan. Makullin fuska ya zama lamba 6 da ba shekarar haihuwa ba, domin zanen L ko Z maiƙon yatsa yana tona shi a gilashi. Ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa a fuskar kulle, don kada a karanta lambar da banki ya turo ba tare da an buɗe waya ba. A WhatsApp, Account, Two-step verification, ki sa lamba 6. Layin kansa ki sa masa PIN ta SIM card lock, saboda ɓarawo layin yake fara cirewa. Amma a kula: kuskure uku yana kulle layi sai da PUK mai lamba 8 da ke jikin katin da layin ya zo a ciki, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi gaba ɗaya. Idan ba ki san PIN na asali ba, tambayi kamfanin layin, kada ki yi ta cinka. A ƙarshe danna *#06#, lambar IMEI mai lamba 15, wato lambar shaidar wayar, za ta fito. Gwada ta da ta jikin kwali, ki rubuta ta a takardar nan.

TAMBAYA: Gaskiya ne sabuwar waya sai ta yi awa 8 a caji kafin a kunna?
Daga wani ɗalibi, Maraɗi

AMSA: A'a. Wannan ƙa'idar tsofaffin batura ce. Na yanzu na litiyam ne, ana iya kunna waya daga kwali a ci gaba da aiki. Abin da ke cinye su shi ne zafi da barin su suna mutuwa ƙurmus. Kada ka yi caji a rana, ko ƙarƙashin matashi, ko kana buga wasa. Sa caji idan ya sauko wajen kashi 20. Idan wayarka tana da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kunna shi in kana samun wuta kullum. In kuwa wutar unguwarku sai an yi sa'a, cika shi ɗari. Mayar da bangon fuska baƙi, wato Dark mode, yana rage shan batir ne a irin gilashin da ake kira AMOLED kaɗai, a na LCD ba ya rage komai. Abin da ke ragewa a kowace waya shi ne sassauta haske, da mayar da Refresh rate daga 90 ko 120 zuwa 60 a cikin Display.